Ɗan Dabon Faransa da Dodon Bango

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa tsayawa kallon ɗan dabo ran kasuwa? In ba ka gan shi a nan Tanda ba, ƙila ka gan shi a Gaya, ko a Kamba, ko kuwa ƙetaren gada a Malanbil. Mutane sun yi masa zobe. Ya nuna maka tafin hannunsa, wayam. Ya dunƙule, ya buɗe, sai ga ƙwai. Ya sa ƙwan cikin hula, ya kifa ta, ya ɗaga, babu ƙwai babu dalilinsa. Yara su yi ta ihu, manya su riƙe baki, wani ya ce ai aljani gare shi.

To, koma gida kuma. Da dare yara sun taru a kan salula, ana kallon fim ɗin Hausa. Boka ya buga ƙafa a ƙasa, sai ya ɓace ɓat. Tsohuwa ta juya, sai ta zama budurwa. Ka san wani abu? Dabon kasuwa da wannan na cikin fim, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Mutumin da ya yi suna wajen haɗa su wani ɗan dabo ne Bafaranshe, sunansa Jorj Meliyes. Ya fara aikinsa fiye da shekara 120 da suka wuce, tun silima ba ta iya magana ba.

Ba zancen sihiri za mu yi a nan ba, wannan fagen malamai ne. Zancenmu na rufa-ido ne, wato aikin hannu da wayo. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Gaskiya ne. Amma in ka karanta labarin nan za ka ga cewa shi ma ganin yana son a bi shi da tambaya.

Akwatin da ya gagari ƙato

Mu fara da maigidan ƴan dabon Faransa, Rober Udan. An haife shi a 1805. Asalinsa mai gyaran agogo ne, ya san kan ƙananan ƙarafuna. A 1845 ya buɗe gidan wasa a birnin Pari, inda mutane suke biyan kuɗi su zauna a kujera su kalli dabo. Ba ya sa layu, ba ya kiran aljanu. Yakan fito da tufafi irin na manyan mutane, ya yi wasansa, a tafa masa.

A 1856 gwamnatin Faransa ta aike shi Aljeriya, wadda take ƙarƙashin mulkinta a lokacin. Faransawa suna tsoron wasu shehunai da jama'a suke bi saboda abubuwan mamaki da ake cewa suna yi. Sai aka tara shugabannin ƙabilu a birnin Alje, aka ce su zo su ga ƙarfin Faransa. Shi da kansa ya rubuta abin da ya faru. Ya aje wani ɗan akwati a kan dandali, ya kira wani ƙaƙƙarfan mutum ya ce ya ɗaga. Mutumin ya ɗaga kamar wasa. Sai Rober Udan ya ce masa yanzu ya zare masa ƙarfinsa, ya sake gwadawa. Ƙato ya ja, ya yi gumi, akwati ko gezau.

Mene ne sirrin? Gindin akwatin na ƙarfe ne. A ƙarƙashin dandali kuma an ɓoye maganaɗisu mai aiki da lantarki. In an kunna, ya kama akwatin gam. In an kashe, ya sake shi. Shi ke nan fa. Wanda bai san lantarki ba zai rantse cewa an tsotse masa ƙarfi. Ka riƙe wannan labari, don yana nuna maka cewa dabo ba kullum yake tsayawa a wasa ba. Wani lokaci ana tsorata mutane da shi don a mallake su.

Ɗan mai takalma

Jorj Meliyes an haife shi a Pari a 1861. Mahaifinsa mai masana'antar takalma ne, kuma mai hali. An so yaron ya gaji sana'ar gida, amma shi hankalinsa yana wajen zane da ƙere-ƙere. An tura shi Landan ya koyi Ingilishi da kasuwanci, sai ya ɓuge da zuwa gidan ƴan dabo. A 1888 mahaifin ya bar aiki. Meliyes ya sayar wa ƴan'uwansa rabonsa, ya ɗauki kuɗin ya sayi gidan wasan nan na Rober Udan, wanda shi mai gidan ya riga ya rasu tun 1871.

A cikin gidan akwai kayan aiki iri-iri: ƙofofin ɓoye a ƙasan dandali, madubai, igiyoyi sirara waɗanda ido ba ya gani daga nesa, da baƙin ƙyalle. Meliyes ya ƙware a kansu. Kuma shi dabonsa na ban dariya ne. Yakan shirya shi kamar ɗan wasan kwaikwayo, a fille wa mai surutu kai amma kan ya ƙi yin shiru.

Hoto ba ya motsi

Ran 28 ga Disamba 1895, wasu ƴan'uwa biyu, Ogust da Luwi Lumiyer, suka nuna wata sabuwar na'ura a ƙarƙashin wani gidan shan gahawa a Pari. Kuɗin shiga tamma ɗaya. Mutanen da suka biya ranar farko talatin ne da ƴan kai. Aka kashe fitila, aka haska farin ƙyalle, sai ga mutane suna tafiya a jikinsa. Finafinan 10 ne, kowane bai kai minti ɗaya ba.

Ɗaya daga cikinsu zai ba mai lambu dariya. Wani mutum yana ban ruwa da tiyo. Yaro ya lallaɓo ta baya ya taka tiyon, ruwa ya tsaya. Mai lambu ya leƙa bakin tiyo ya ga me ya faru, sai yaron ya ɗage ƙafa, ruwa ya watsu masa a fuska. Ya bi yaron ya kama shi ya ba shi kashi. Ana lissafa wannan a cikin finafinan ban dariya na farko a duniya.

Meliyes ya ga wannan na'ura tun a kwanakin farko, ya nemi a sayar masa, aka hana shi. Bai yi zuciya ba. Ya tafi Landan ya sayo wata na'urar haskawa wurin wani maƙeri mai suna Robat Pol, ya kwance ta, ya juya ta ta koma ta ɗaukar hoto. A 1896 ya fara yin finafinansa.

Kafin mu ci gaba, sai ka gane abu ɗaya, don shi ne mabuɗin komai. Hoton silima ba ya motsi. Hotuna ne tsayayyu, a jere a kan wani dogon zare mai kama da siririyar ɗamara. Kowane hoto ya bambanta da na gabansa kaɗan. A wancan zamani ana wuce da hoto wajen 16 a cikin daƙiƙa ɗaya, daga baya aka tsayar da 24. Ido ba ya iya rarrabe su, sai ya haɗe su ya ce motsi ne. Ka taɓa ganin yaro ya ɗauki itace mai garwashi a baki yana juya shi da dare? Za ka ga zoben wuta, alhali babu zobe, garwashi ɗaya ne. To, haka silima take. Ita kanta rufa-ido ce tun daga tushe.

Na'urar ɗaukar kuwa da hannu ake juya ta, kamar yadda mata suke juya injin taliya. Mai juyawa yana iya tsayawa, yana iya sauri, yana iya komawa baya. A nan ne ɗan dabo ya ga hanya.

Dabara ta farko: tsaya, canza, ci gaba

Meliyes ya ba da labari cewa wata rana yana ɗaukar hoton titi a wani dandali na Pari, sai zare ya maƙale. Ya ɗauki kamar minti ɗaya yana gyara, sa'an nan ya ci gaba. Da ya zo kallo, sai ya ga keken doki mai ɗaukar fasinja ya rikiɗa ya zama keken ɗaukar gawa, maza sun koma mata. Dalili kuwa, lokacin da na'ura take tsaye, na farkon sun wuce, wasu sun zo wurinsu. Wasu masana tarihi suna ganin ya ƙara wa labarin gishiri, don a Amurka an riga an yi amfani da wannan dabara a 1895, a kamfanin Edison. Amma kowa ya yarda cewa Meliyes ne ya mai da ita sana'a.

A 1896 ya yi wani ɗan fim na ɓatar da mace. Ya shimfiɗa jarida a ƙasa, ya aza kujera a kai, mace ta zauna, ya lulluɓe ta da mayafi. Ya yaye mayafi, babu kowa. Ya ɗaga hannu, sai ga ƙwarangwal zaune a kujerar. Ya sake lulluɓewa, ya yaye, mace ta dawo tana murmushi. A gidan wasa, ana yin wannan ne da ƙofar ɓoye, matar ta zurara ƙarƙashin dandali. A fim ba ya bukatar ƙofa. Sai ya ce a tsayar da na'ura, shi ya sandare yadda yake, matar ta tashi ta fita abinta, a ci gaba da juyawa. Bayan haka ya sa almakashi ya datse zaren, ya manne shi daidai, don kada a ga tabo.

Da wannan dabara ya yi ta ba mutane dariya. A wani fim na 1897, matafiyi ya sauka a masauki a gajiye. Ya aje kayansa, suka ɓace. Ya tuɓe takalma, suka kama tafiya su kaɗai. Zai zauna, kujera ta gudu ya faɗi ƙasa tim. Zai kwanta, gado ya ɓace. A ƙarshe ya fita da gudu. Takalman da siririn zare ake jan su, irin na gidan wasa. Kujera da gado kuwa, tsayar da na'ura ne.

Dabara ta biyu: mutum ɗaya ya zama bakwai

Zaren fim haske yake kamawa. Inda aka nuna masa baƙi, wurin yana nan kamar ba a taɓa shi ba, ana iya sake ɗaukar wani abu a kai. Kamar allo ne da ka yi rubutu a gefe ɗaya, ka bar sauran fili. Meliyes sai ya rataya baƙin ƙyalle a baya, ya ɗauki hoton kansa a gefe ɗaya. Ya mai da zaren baya, ya koma wani gefen, ya sake ɗauka a kan zaren nan dai.

A 1898 ya yi fim inda ya cire kansa ya aje a kan tebur, wani sabon kai ya tsiro masa. Ya yi haka har sau 3. Ya ɗauki wani abin kiɗa mai kama da molo, kawunan suka wage baki suna waƙa. Waƙar ta ishe shi, sai ya bi su da duka da abin kiɗan. Yaya aka yi kai ya zauna a tebur babu gangar jiki? Ya rufe jikinsa da baƙin ƙyalle, ya bar kai kawai a fili. Inda kuma ake son a ga jiki babu kai, sai ya sa baƙar hula ta rufe kan duka.

A 1900 ya jera kujeru 7, ya zauna a kowace, ya zama makaɗa 7 shi kaɗai. Sai da zaren ya bi ta cikin na'ura sau 7. In ya yi kuskure a karo na shida, duk aikin ya lalace, sai a sake daga farko. Ka ga ashe abin da ake cewa aljani, haƙuri ne da lissafi.

Dabara ta uku: kusa da nesa

Ka tsaya a bakin kogi ka dubi jirgin masunta can nesa. Ƙarami ne kamar ɓawon gyaɗa. In ya matso sai ya yi ta girma. Kai ka san ba girma yake yi ba, don kana ganin ruwa da gaɓa. Amma in da za a kawar da ruwan da gaɓar, a bar jirgin shi kaɗai cikin duhu, za ka ce kumbura yake yi.

A 1901 Meliyes ya yi fim a kan haka. Wani masani ya aza kai irin nasa a kan tebur, ya sa masa bututu, ya kawo zugazugi irin na maƙera yana hura shi. Kai ya yi ta kumbura yana zare ido. Ya sace iskar, kai ya koma daidai. Sai yaronsa ya ce shi ma zai gwada, ya yi ta zuga babu ƙaƙƙautawa har kan ya fashe, maigida ya kore shi waje. Sirrin shi ne, Meliyes ya zauna cikin wani ɗan keke a kan gangara, jikinsa a rufe da baƙi, ana jawo shi zuwa bakin na'ura a hankali. Yana matsowa, kan yana cika hoto.

Akwai kuma inda yake rataye na'ura a sama tana kallon ƙasa. A zana hoton bango a daɓe, mutum ya kwanta yana birgima a kai. Mai kallo sai ya ga mutum yana yawo a jikin bango kamar ƙadangare.

Dabara ta huɗu: baya da sauri

Wannan ba ta Meliyes kaɗai ba ce. Su Lumiyer suna da wani fim na 1896 inda ma'aikata suka rushe katanga. Masu haskawa sukan nuna shi, sa'an nan su juya zaren da baya, sai katanga ta tashi daga cikin ƙura ta miƙe tsaye. In kuma aka juya na'ura a hankali wajen ɗauka, aka haska yadda aka saba, mutane sai su yi ta gudu kamar tururuwa. A 1912 kamfanin Gomon ya yi fim ɗin wani shashasha mai suna Onezim, wanda aka ce ba zai ci gadonsa ba sai bayan shekara 20. Sai ya je ya taɓa babban agogon gari don lokaci ya yi sauri. Nan da nan gari ya rikice, gini yana tashi cikin ƙiftawar ido, jariri yana zama saurayi.

Me ya sa yawancin finafinan nan na dariya ne? Saboda babu murya. Silima ba ta fara magana sosai ba sai 1927, a Amurka. Kafin nan ba a iya ba da dariya da baki, sai da jiki: faɗuwa, gudu, duka, da kaya masu yi wa mai su tawaye. Kuma masu sayen finafinan da yawa ƴan yawon kasuwa ne, suna kafa rumfa a wajen bukukuwa suna nuna wa talakawa. Dariyar da ba ta bukatar harshe kuwa tana ƙetare kowace iyaka. Bazabarme da Bahaushe da Bafillace za su zauna tabarma ɗaya su gane ta babu tafinta.

Tashi da faɗuwa

A 1897 Meliyes ya gina ɗakin ɗaukar fim a Montroy, kusa da Pari. Bango da rufi duk na gilashi ne, don hasken rana yake aiki da shi. Shi ne mai tsara labari, shi ne mai zanen bango, shi ne ɗan wasa. In ana son launi, sai a kai zaren wani ɗakin aiki inda mata wajen 200 suke shafa wa hotuna fenti da ɗan buroshi, ɗaya bayan ɗaya. Don ka gane zamanin, a daidai waɗannan shekaru ne sojojin Faransa suka kafa sansani a Doso, a 1898.

Fim ɗinsa da ya fi suna shi ne na tafiya zuwa wata, na 1902. Wasu tsofaffin masana suka shiga cikin wani ƙaton harsashi, aka harba su da igwa, harsashin ya je ya cake a idon wata, wata ya yamutsa fuska. Mutanen da suka tarar a can, in an buge su da laima sai su fashe su zama hayaƙi. Wannan ma dabara ta farko ce aka haɗa da hayaƙi. Sai bayan shekara 67, a 1969, ɗan Adam ya taka wata da gaske.

Ya yi finafinai fiye da 500 tsakanin 1896 da 1913. Amma duniya rawar ƴan mata ce. A Amurka an yi ta kwafar finafinansa ana sayarwa ba a ba shi ko tamma. Manyan kamfanoni irin su Pate da Gomon suka cika kasuwa, masu kallo kuma suka koma son dogon labari. Bashi ya kama shi, ga yaƙin duniya ya zo a 1914. An narkar da finafinansa da yawa don a cire azurfar da ke jikinsu, sauran kuma aka yi dugadugan takalma da shi. Ɗan mai takalma ke nan. A 1923 aka rushe gidan wasansa, shi kuma don baƙin ciki ya ƙone finafinan da suka rage a hannunsa. Ya koma sayar da alewa da kayan wasan yara a wani ɗan shago a tashar jirgin ƙasa ta Momparnas. Daga baya wasu masu son silima suka gano shi, aka shirya masa biki a 1929, gwamnati ta ba shi lambar girma a 1931. Ya rasu a watan Janairu 1938. An tsinto finafinansa wajen 200 a ƙasashe daban-daban, ana kallonsu har yau.

Abin ya iso gida

Da hoton bango ya iso ƙasar Hausa, sunayen da aka ba shi sun nuna yadda aka ɗauke shi. Ana ce masa majigi. Kalmar ta fito daga sunan da Ingilishi suka ba wata fitila mai haska hoto a bango, ma'anar sunan kuwa fitilar dabo. A Kano, inda aka buɗe gidan silima na Rex a 1937, har dodon bango aka riƙa ce masa.

Amma mu ma ba a bar mu a baya ba. Nijar ta yi nata gwanin, Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942. Tun yana yaro yake yanka kwali yana haska shi da fitila, inuwa tana wasa a jikin ƙyalle, yara suna kallo. Ya yi kanikanci, sa'an nan ya koyi aikin fim a Yamai tare da Jan Rush, ya ƙaro sani a Kanada. A 1965 da 1966 ya yi finafinan zane masu motsi, ƴan wasansu kwaɗi ne. A cikin ɗaya, shugaban ƙasar kwaɗi ne ya tafi ziyara ƙasar maƙwabta, ana yi masa fareti. Mutane suna dariyar kwaɗi, masu hankali kuwa sun san da wa ake. A 1977 ya yi fim ɗin Samba da ƴan tsana. Yadda ake sa ƴar tsana tafiya, ai dabarar farko ce aka maimaita sau dubbai: a ɗauki hoto ɗaya, a tsaya, a gusa hannunta kaɗan, a sake ɗauka. Ya zauna a Tawa shekaru da yawa, ya rasu a 2015.

A Kano kuma, tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990 finafinan Hausa na bidiyo suka bunƙasa. Duk inda ka ga boka ya ɓace, ko aljani ya bayyana a tsakar ɗaki, ko ɗan wasa ɗaya ya fito a matsayin tagwaye suna gardama da juna, to jikokin dabarun nan ne, ko da yanzu kwamfuta ce take yin aikin almakashi.

Gwada da kanka

Ɗauki tsohon littafin rubutu. A kusurwar shafin ƙarshe zana ɗan ƙwallo a ƙasa. A shafin da ke gabansa zana shi ya ɗan ɗaga. Ci gaba haka har shafi 20. Kama kusurwar da babban yatsa ka saki shafukan da sauri. Ƙwallo zai tashi sama. Ka yi silima ke nan.

In akwai salula mai ɗaukar bidiyo a ajinku, ku jingina ta da dutse don kada ta motsa. Yaro ya zauna a tabarma, wani ya lulluɓe shi da zane. Ku danna wurin dakatawa. Mai zanen ya tsaya cik, yaron ya fita, a sa kwando a wurinsa, ku ci gaba da ɗauka, a yaye zane. Ku kalla tare. Ko ku da kuka yi abin da hannunku sai kun yi mamaki.

Ɗan dabo daban, macuci daban

Ga inda zancen ya shafi aljihunka. Meliyes bai taɓa cewa yana da aljani ba. An biya shi kuɗin kallo, ya ba da dariya, kowa ya tafi gida ya san wasa ne. Wannan sana'a ce. Amma a yau akwai masu ɗaukar dabarun nan su yi cuta da su. A ce an turo maka bidiyo ta WhatsApp. Wani ya sa jikka ɗaya a ƙwarya, ya rufe da ƙyalle, ya buɗe, ƙwarya ta cika da kuɗi. A ƙasa an ce ka aiko da naka a ninka maka. Wanda ya sayar da buhun shinkafarsa ya aika, ya yi asarar wahalar shekara a kan abin da kai da yaranka za ku iya yi da dutse da tabarma.

In ka ga irin wannan, duba abu huɗu. Na ɗaya, an rufe abin da ƙyalle, ko hayaƙi ya tashi, daidai lokacin da mamakin zai faru? Na biyu, hoton ya ɗan yi tsalle a wurin? Na uku, dubi bayan mutumin: kazar da take nan ta koma can farat ɗaya, ko inuwa ta canza wuri? Na huɗu, wa zai ci riba in ka yarda? Ka sani kuma, kwamfutocin yanzu suna iya ƙera hoton mutum da muryarsa, su sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba, kuma babu tsallen da za ka gani. Saboda haka tambaya ta huɗu ta fi sauran ƙarfi. Wanda yake iya ninka kuɗi, me zai yi da naka?

Mutumin nan na Alje da ya kasa ɗaga akwati ba rago ba ne, ba kuma wawa ba ne. Abu ɗaya aka fi shi, an san abin da ke ƙarƙashin dandali shi bai sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Kai da ka zauna a aji kana koyon baƙi da lissafi, ka fara leƙa ƙarƙashin dandalin ke nan. Ka kalli fim ka yi dariyarka har da hawaye, ka jefa wa ɗan dabon kasuwa dala in ya burge ka. Amma in aka ce kawo kuɗi, ko aka ce ga wane ya faɗi kaza a tashi a yi faɗa, to tsaya ka tambaya tukuna.

Tambayoyi

1. Me ya hana ƙaton nan ɗaga akwatin Rober Udan?
2. Hoto nawa ake wucewa da shi a daƙiƙa ɗaya a zamanin Meliyes?
3. Faɗi yadda ake ɓatar da mutum a cikin fim.
4. Wane ne Mustafa Alasan, kuma da waɗanne dabbobi ya yi finafinansa na zane?
5. Ku tattauna a aji: mene ne bambancin ɗan dabo da macuci?